BABI NA UKU: KOYO A AIKACE A WAJEN AJI A ƘASAR TAMBUWAL DA KEBBE

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan koyo a aikace, wato irin ilimin da ɗalibi yake samu idan ya fita daga cikin aji ya sa hannunsa a kan aiki. Za a fara da ma'anar wannan hanya ta koyo, sannan a kawo taƙaitaccen bayanin ƙasar Tambuwal da Kebbe. Bayan haka za a duba yadda mutanen wannan yanki suke horar da 'ya'yansu tun kafin zuwan boko, da matsayin da manufofin ilimi na ƙasa suka ba koyo a aikace. Daga nan sai a bi hanyoyin da makarantun yankin za su iya amfani da su ɗaya bayan ɗaya, a kuma nuna matsalolin da ke tattare da su. Dalilin ba wannan batu babi guda shi ne, yaron da ya shekara 12 yana zaune a kan benci, in ya fito bai sami gurbin ƙaro karatu ba kuma bai iya sana'ar gidansu ba, to ya yi biyu babu, kuma ganin irinsa yakan sanyaya jikin iyaye wajen sa ƙannensa makaranta.

3.1 Ma'anar Koyo a Aikace

Koyo a aikace shi ne ɗalibi ya yi abu da kansa, ya ga sakamakonsa, sannan malami ya taimaka masa ya gane dalilin da ya sa abin ya kasance haka. Bahaushe ya daɗe da sanin wannan, shi ya sa yake cewa gani ya kori ji. Yaron da aka karanta wa yadda iri yake tsira zai iya haddacewa ya rubuta a jarrabawa, amma wanda ya jiƙa ƙwayar wake ya lulluɓe ta da tsumma, ya riƙa dubawa kullum har saiwa ta ɓullo, shi ne zai iya gaya maka abin da ya faru ranar da irin ya ƙi tsira.

Masana ilimi a ƙasashen Turai da Amurka sun yi rubuce-rubuce a kan wannan. John Dewey na Amurka, a littafinsa na 1916 a kan ilimi da dimokuraɗiyya, ya nuna cewa bai kamata a raba makaranta da rayuwar al'ummar da take ciki ba. A 1984 kuma David Kolb ya tsara abin zuwa matakai huɗu masu zagayawa. Mataki na farko ɗalibi ya yi aikin. Na biyu ya zauna ya yi tunanin abin da ya gani. Na uku ya fitar da ƙa'ida daga abin da ya gani. Na huɗu ya koma ya gwada ƙa'idar a wani sabon aiki. A nahiyar Afirka, shugaban Tanzaniya Julius Nyerere ya fitar da manufar ilimi don dogaro da kai a 1967, inda ya buƙaci kowace makaranta ta kasance tana da gona ko wurin sana'a.

Idan aka lura da waɗannan matakai za a ga cewa fitar da yara waje kaɗai bai isa a kira shi koyo a aikace ba. Ɗaliban da aka kai gonar makaranta suka yini suna noma, aka sallame su ba tare da an tambaye su komai ba, sun yi aikin ƙarfi ne kawai. Abin da ke mayar da aiki ya zama darasi shi ne tambaya da rubutu da bitar da ke biyo bayansa.

3.2 Ƙasar Tambuwal da Kebbe a Taƙaice

Tambuwal da Kebbe ƙananan hukumomi ne guda biyu daga cikin 23 da ke jihar Sakkwato, kuma suna can kudancin jihar. Garin Tambuwal yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari ta nufi Jega, kimanin kilomita 100 daga birnin Sakkwato. Tarihin sarautarsa yana komawa ne ga Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Daga cikin garuruwan ƙasar akwai Dogon Daji, mahaifar Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi wanda ya yi sarauta daga 1988 zuwa 1996, da Sanyinna da Jabo da Romon Sarki da Faga da Alasan. Ƙasar Kebbe kuwa, wadda bai kamata a rikita sunanta da na jihar Kebbi ba, tana iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara, kuma daga cikin garuruwanta akwai Kuchi da Margai da Fakku da Sangi da Girkau da Ungushi. Ƙananan hukumomin biyu mazaɓa ɗaya ce a majalisar wakilai ta tarayya. Aminu Waziri Tambuwal ya wakilce ta daga 2003 zuwa 2015, kafin ya zama gwamnan jihar daga 2015 zuwa 2023.

Noma da kiwo su ne manyan sana'o'in mutanen yankin. Da damina ana noman gero da dawa da wake da gyaɗa, da shinkafa a fadamu. Da rani kuma masu fadama sukan yi lambun albasa da tumatir da tattasai. Akwai kuma maƙera da dukawa da magina da mahauta da maɗinka, sannan a 'yan shekarun nan ga masu gyaran babur da walda da gyaran wayar hannu a bakin babbar hanya. Duk waɗannan wurare ne da ɗalibi zai iya zuwa da ƙafa daga makarantarsu.

3.3 Koyo a Aikace Kafin Zuwan Boko

3.3.1 Sana'ar Gado

A ƙasar Hausa yaro yakan tashi ne a cikin sana'ar gidansu, kuma koyonta yana da matakai waɗanda ba a tsallakewa. A maƙera, aikin farko da ake ba yaro shi ne ɗauko gawayi da zuga wuta da zugazugi. Yana zugar yana kallon launin ƙarfe, har ya gane lokacin da ya nuna ya isa duka. Daga nan sai a ba shi masaba ya riƙa taya duka a kan uwar maƙera, sai kuma a bar shi ya ƙera ƙananan abubuwa kamar ƙusa da basilla, kafin ya kai ga fartanya da lauje da garma. A majema ma haka abin yake, yaro zai fara da ɗebo ruwa da dakan bagaruwa kafin a yarda ya taɓa fata da kartaji. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, ta hannun mutanen da suka yi irin wannan koyo ta fito.

A gona yaro yakan fara da bin masu sungumi yana zuba iri yana rufewa da ƙafa, sai ya kai ga noman firi da maimai, sai huɗa. Idan ya tasa, uba yakan yanka masa gayauna daga gefen gandu, wadda zai noma da kansa bayan an tashi daga aikin gandu, amfaninta kuma nasa ne. Wannan dabara ce ta koyarwa mai zurfi, domin a gayauna ne yaro yake fara yanke shawara da kansa, ya ga riba ko asarar shawarar tasa. 'Ya'ya mata su ma suna da nasu. A ɗakin uwa ake koyon gurzar auduga da kaɗi da saƙar faifai da dakan fura da yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da daddawa.

3.3.2 Makarantar Allo

Makarantar allo ba ta raba karatu da aikin hannu ba. Almajiri shi yake fiƙe alƙalaminsa, ya dafa tawadarsa da ƙaro, ya wanke allonsa ya shanya, ya rubuta da hannunsa abin da zai karanta. Da damina yana taya malam aikin gona, da rani kuma manyan almajirai sukan koyi ɗinkin hula ko aikin wuyan riga ko yankan farce. Shugabannin jihadi ma sun kwaɗaitar da mutane a kan neman halal da hannunsu, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya himmatu wajen kafa garuruwan ribaɗi da zaunar da masu sana'a a cikinsu. Tsarin 'Yan Taru na Nana Asma'u, inda jajis suke zuwa su ɗauki karatu su koma ƙauyuka su koyar da mata a cikin gidajensu, shi ma ilimi ne da ya tarar da mutane a wurin aikinsu.

3.3.3 Abin da Wannan Tsari Ya Rasa

Duk da amfaninsa, tsarin gargajiya yana da iyaka. Yakan tsare yaro a kan sana'ar gidansu ko da hankalinsa ya fi karkata ga wata. Yakan kuma koyar da yadda ake yi ba tare da faɗin dalili ba. Majemi ya san bagaruwa tana hana fata ruɓewa, amma bai zama lalle ya san sinadarin da ke cikinta ba. Mai daddawa ta san in ba ta lulluɓe dafaffiyar kalwa ta yi kwanaki a wuri mai ɗumi ba, ba za ta yi ba, amma ba a gaya mata cewa wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke yin aikin ba. A nan ne makarantar boko take da abin da za ta ƙara.

3.4 Matsayin Koyo a Aikace a Tsarin Ilimin Boko

Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'i, inda ake koyar da dukanci da ƙira da kafinta da ɗinki. Sai dai tun a lokacin hankalin mutane ya fi tafiya ga karatun da ke kai mutum ga aikin malanta a ofishin En'e, domin a nan albashi da girma suke. Wannan fahimta ta cewa ɗan boko mai biro ne, mai fartanya kuwa wanda bai yi karatu ba ne, ita ce ta yi ta bin tsarin ilimi har bayan samun mulkin kai.

A 1969 an yi babban taron ƙasa a Legas a kan manhajar karatu, wanda ya kai ga fitar da manufar ilimi ta ƙasa a 1977, aka kuma sake bitarta a 1981. Daga cikinta ne tsarin 6-3-3-4 ya fito, aka fara aiki da shi a 1982. Manufar tsarin ita ce, a shekaru uku na ƙaramar sakandare kowane yaro ya taɓa aikin katako da ƙarfe da lantarki da noma da tattalin gida, ta yadda wanda bai ci gaba ba zai iya shiga sana'a. Gwamnati ta sayo injuna daga ƙasashen waje saboda wannan, amma a makarantu da yawa na ƙasar nan sun lalace a cikin akwatunansu saboda babu wutar lantarki, babu ɗakin aiki, babu kuma malamin da ya san kansu.

An yi wasu yunƙure-yunƙuren. Shirin ciyar da ƙasa na 1976 ya ƙarfafa gonakin makarantu da ƙungiyoyin matasa manoma. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, ya ɓullo da shirin SIWES a 1973, wanda ke tura ɗaliban manyan makarantu masana'antu da ma'aikatu su yi watanni suna koyon aiki. A ranar 30 ga Satumba, 1999, a birnin Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE, wanda aka yi wa doka a 2004. A 2011 aka shigo da sabuwar manhajar babbar sakandare mai darussan sana'a 34, waɗanda suka haɗa da kiwon dabbobi da kiwon kifi da aikin fata da rini da ɗinki, aka wajabta wa kowane ɗalibi ya ɗauki ɗaya, kuma an fara rubuta su a jarrabawar WAEC a 2014. A 2025 gwamnatin tarayya ta sake fasalin manhajar, ta rage darussan sana'ar zuwa 6, daga ciki akwai haɗa wutar hasken rana da kiwon dabbobi da noman lambu da gyaran kwamfuta da waya. A jihar Sakkwato kuma gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a ƙarshen 2015. Wannan duka ya nuna cewa a rubuce koyo a aikace bai taɓa rasa gurbi ba, wajen zartarwa ne ake samun cikas.

3.5 Hanyoyin Koyo a Aikace da Suka Dace da Yankin

3.5.1 Gona da Lambun Makaranta

Gona ita ce ɗakin gwaji mafi sauƙin samu a ƙasar Tambuwal da Kebbe, kuma ba darasin noma kaɗai take yi wa aiki ba. Misali, idan aka ba rukunin ɗalibai fili mai tsawon mita 20 da faɗin mita 10, su za su auna shi da igiya su gano cewa murabba'in mita 200 ne, wato kashi ɗaya cikin 50 na hekta. Idan suka girbe suka auna abin da suka samu da tiya, za su iya lissafa abin da hekta guda za ta bayar. Idan aka raba filin gida uku, aka sa wa ɗaya takin gida, ɗaya takin zamani, ɗaya aka bar shi haka nan, ɗalibai sun yi gwajin kimiyya cikakke. Kafin shuka kuma za su iya jiƙa ƙwayar iri 100 su ƙirga nawa suka tsira, abin da zai koya musu lissafin kashi cikin ɗari, ya kuma ba su dabarar da za su kai gida su gwada irin da aka sayo a kasuwa.

Akwai abin lura guda game da lokaci. Ruwan shuka yakan sauka a wannan yanki ne wajen watan Yuni, makarantu kuma sukan tafi dogon hutu a ƙarshen Yuli su dawo a Satumba. Ke nan gonar damina takan shiga hutu daidai lokacin da take buƙatar maimai, sai ɗalibai su dawo su tarar ciyawa ta cinye ta ko dabbobi sun shiga. Saboda haka lambun rani ya fi dacewa da makarantar da ke da rijiya ko ke kusa da fadama, tun da daga Oktoba zuwa Maris ɗalibai suna nan. Za su ga albasa tun daga yafa iri da dashe har zuwa cira da shanya. Gonar damina kuwa sai an yi yarjejeniya da ɗaliban cikin gari waɗanda za su riƙa zagaya ta lokacin hutu.

3.5.2 Ziyarar Gani da Ido

Ɗalibin wannan yanki yana zaune ne a tsakiyar wuraren da yake karantawa a darasin tarihi. Sifawa, inda Shehu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, tana ƙasar Boɗinga a kan hanyar zuwa birni. Gwandu, inda hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, ba ta da nisa da Tambuwal. A cikin Sakkwato akwai Hubbaren Shehu da gidan tarihi na Waziri Junaidu, inda ake ajiye tsofaffin littattafai da kayan tarihi. A Argungu akwai gidan tarihi na Kanta. Ta fuskar kimiyya kuma akwai kamfanin siminti na Kalambaina, inda ɗalibi zai ga yadda ake sarrafa farar ƙasa, da cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da madatsun ruwa na Goronyo da Bakolori.

Ziyara tana da matakai uku. Kafin a tafi, malami zai je ya ga wurin ya nemi izini, ya kuma rubuta wa ɗalibai tambayoyin da za su nemo amsarsu. A can wurin, kowane rukuni zai kasance da aikinsa, wasu su yi zane, wasu su yi tambaya, wasu su rubuta. Bayan an dawo kuma kowane rukuni ya tashi ya gabatar da abin da ya samo. Idan babu mataki na farko da na uku, ziyarar takan koma yawon shan iska. Haka kuma ba dole ne sai an ɗauki mota ba. Zuwa asibitin gari ko ofishin malamin gona ko fadar hakimi ko mayanka ziyara ce da ba ta cin ko kwabo.

3.5.3 Zama Wurin Mai Sana'a

Tun da yawancin makarantun karkara ba su da ɗakin koyon sana'a, hanya mafi kusa ita ce a haɗa kai da masu sana'ar gari. Shugaban makaranta zai iya bi ta hannun hakimi da sarakunan sana'a, kamar Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da Sarkin Noma, a rarraba ɗalibai biyu-biyu ko uku-uku a rumfunan maɗinka da kafintoci da masu walda da masu gyaran waya, su riƙa zuwa da yamma ko ranar Asabar ko lokacin hutu. Kowane ɗalibi zai riƙe ɗan littafi yana rubuta abin da ya yi da sunayen kayan aiki, mai sana'a ya sa hannu ko ya dangwala, malami kuma ya riƙa leƙawa. Wannan shi ne tsarin SIWES a ƙaramin sikeli.

Amfanin wannan hanya ya shafi ɓangarorin biyu. Ɗalibi yana samun hannu, mai sana'a kuma yana samun yaron da zai rubuta masa awo da bashi, ya karanta masa takardar da ke cikin kwalin inji. Ga 'yan mata, waɗanda iyaye ba za su so a kai su rumfar kasuwa ba, ana iya shirya musu zama a cikin gidajen matan da suka shahara da ɗinki ko saƙa ko sarrafa gyaɗa ko kiwon awaki. Uwar da ta ga 'yarta ta dawo da abin yi a hannu ta fi saurin yarda ta bar ta ta ƙare makaranta.

3.5.4 Kasuwa da Tattara Adabin Baka

Kasuwar gari makaranta ce ta lissafi da tattalin arziki. Idan ɗalibai suka riƙa rubuta farashin tiyar gero da buhun albasa duk ranar kasuwa tun daga kaka har zuwa bazara, suka zana shi a jadawali, da idonsu za su ga yadda farashi yake faɗuwa lokacin girbi ya kuma tashi idan rumbuna sun fara ƙarewa. Daga nan malami zai shiga bayanin dalilin da ya sa manomin da ya sayar da kaka don biyan bashi yake komawa ya saya da tsada da damina.

Malamin Hausa shi ma yana da nasa rabo. Zai iya tura ɗalibai wurin tsofaffin gidajensu su rubuto tatsuniyoyi da karin magana da kacici-kacici da tarihin kafuwar unguwarsu, da sunayen itatuwa da ciyayi da kayan sana'a kamar yadda ake faɗinsu a karin harshen Sakkwatanci. Ɗalibin da ya yi wannan ya koyi yin hira da saurare da ƙa'idojin rubutu, ya kuma gane bambancin karin harshensa da daidaitacciyar Hausa. Makaranta kuma za ta tara kalmomin da ke ɓacewa tare da mutuwar masu su.

3.6 Matsalolin da Ke Tattare da Koyo a Aikace

Matsala ta farko ita ce yadda jarrabawa take. Abin da ake auna ɗalibi da makaranta da shi shi ne sakamakon da aka rubuta a takarda, don haka malami yakan ga cewa duk sa'ar da aka yi a gona an rage ta ne daga lokacin ƙare manhaja. Har darasin sana'a ma akan mayar da shi rubutun allo, ɗalibi ya ci kiwon dabbobi a jarrabawa bai taɓa duba haƙoran akuya ba.

Ta biyu ita ce mayar da aikin hannu horo. A makarantu da yawa, wanda ya makara ko ya yi laifi shi ake ba fartanya ya nome fili. Yaron da ya tashi a haka zai ɗauki noma a matsayin wulaƙanci, alhali da shi aka ciyar da shi. Haka nan idan amfanin gonar makaranta ya ɓace ba tare da ɗalibai sun san inda ya tafi ba, iyaye sukan ce an mayar da 'ya'yansu 'yan ƙodago. Maganin wannan shi ne ɗalibai su riƙe lissafin gonar da kansu, a kuma karanta shi a gaban iyaye.

Ta uku ita ce ƙarancin malamai da rashin horo. Malami ɗaya da ke riƙe da aji mai cunkoso ba zai iya fitar da yara waje ya kula da su shi kaɗai ba. Malamai da yawa kuma su kansu ta hanyar haddace aka koyar da su, saboda haka sai kwalejojin horar da malamai, irin su Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, sun sa ɗalibansu sun gwada wannan hanya lokacin koyon aikin koyarwa.

Ta huɗu ita ce tsaro. A shekarun baya-bayan nan hare-haren 'yan bindiga da satar mutane sun addabi jihohin arewa maso yamma, har da wasu ƙauyukan kudancin Sakkwato da ke iyaka da Zamfara da Kebbi. Sace ɗalibai da aka yi a Ƙanƙara a Disambar 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, da Birnin Yauri a Yunin 2021, ya sa iyaye da hukumomi ɗari-ɗari da duk wata tafiya da ta shafi 'yan makaranta. A irin wannan hali bai kamata a kai yara daji ko tafiya mai nisa ba sai da izinin hukuma da shawarar jami'an tsaro, amma lambun cikin makaranta da rumfar mai sana'a da hira da tsofaffi duk a cikin gari suke.

Ta biyar ita ce kuɗi. Mota da iri da taki da shinge duk suna buƙatar kuɗi, kuma ɗora wa iyaye haraji yakan sa 'ya'yan talakawa su zauna a gida ranar tafiya. Kwamitin gudanar da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai da tsofaffin ɗalibai za su iya ɗaukar wani ɓangare, kamar yadda aka saba yin gayya a aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

3.7 Kammalawa

A wannan babi an yi bayanin ma'anar koyo a aikace, an kuma nuna cewa mutanen Tambuwal da Kebbe sun san shi tun kafin zuwan boko, a maƙera da majema da gayauna da makarantar allo. An bi tarihin manufofin ilimi daga makarantar Ɗan Hausa ta 1909 zuwa gyaran manhaja na 2025, inda aka ga cewa an sha rubuta shi a takarda amma zartarwa ta yi ƙaranci, musamman saboda an dogara da injunan da makarantun karkara ba su da halin amfani da su. An kawo hanyoyi huɗu da suka dace da yankin, wato gona da lambu, da ziyarar gani da ido, da zama wurin mai sana'a, da kasuwa tare da tattara adabin baka, sannan aka nuna matsaloli biyar da ke hana ruwa gudu. Abin da ya fito fili shi ne, yawancin abin da ake buƙata yana nan a cikin garuruwan, sai dai a sami malamin da zai tsara aikin ya bi shi da tambaya da rubutu, da shugaban makarantar da zai nemi haɗin kan iyaye da masu sana'a tun daga farkon zangon karatu.